Yadda Na Bi Taken Ubana Har Lyon

Ni dai karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal ba, na huɗun ma rabinsa a bakin mahauta na yi shi. Saboda haka wanda ya ga wani harafi ya karkace a takardar nan ya miƙe shi da kansa, kada ya dame ni. Sunana Ilu, rundawan Damagaram ne mu, mahauta kaka da kakanni. Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar gida ba, kowa ya san yadda ake barin gida. Daga inda ƙafata ta taɓa Paris zan fara.

Zangona na farko Bobigny, a gefen Paris. Ɗaki ɗaya, mu shida, hawa na tara, a wani dogon gini da na'urar hawansa take aiki ranar da ta ga dama. Na sami aiki a shagon naman wani Balarabe, mutumin kirki in dai ba ka taɓa ma'auninsa ba. Naman ƙasar nan a rataye yake zuwa, a daskare, ba ka ga idon saniyar ba, ba ka san wanda ya kiwata ta ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne shirun. A gida mahauci ba ya ɗaga gatari sai kalangu na tashi a bayansa. A nan sai rediyo, wani mutum yana ta faɗin ko za a yi ruwa gobe, alhali kullum ana yi.

A Bobigny ɗin ne aka koya mini darasin da ya fi na lakwal. Ranar Lahadi nakan yi wa 'yan ɗakinmu kilishi, don mu tuna mu 'ya'yan wasu ne. Sai wani Habu ya fara zuwa, Bahaushe ɗan garinmu, mai kwat da murmushi har kunne. Ya ci ya lumshe ido, ya ce tun rasuwar kakansa bai ci irinsa ba. Ya tambaye ni me da me nake zubawa a yajin. Ni kuma da aka yaba ni sai baki ya sake, na lissafa masa masoro da kimba da citta da kanumfari, har da abin da ubana ya hana ni faɗa wa ko matata. Yana ji yana rubutawa a wani ɗan littafi. Ba a ci wata shida ba sai ga kilishi cikin leda a shagunan unguwa, da hoton Habu a jiki ya sa hular mahauta, an rubuta wai sirrin kakansa ne. Kakan Habu na san shi. Tela ne, ko kaza bai iya fiɗa ba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk wanda ya yabe ka sannan ya zaro alƙalami, rufe bakinka ka dafe aljihu.

To akwai abu ɗaya da ya rage mini wanda nake ganin alƙalami ba ya iya ɗauka, shi ne taken ubana. Ga yaran yanzu da ba su sani ba, take ba waƙar biki ba ce da kowa zai taka. Kiɗa ne na mutum ɗaya da gidansa. Ubana Gatari ake ce masa, kalangu yakan ce: Gatari na Indo, ƙashi ya gan ka ya yi laushi. In aka kaɗa shi, mai shi ko jininsa sai ya miƙe tsaye, ko loma ce a hannunsa, ya jinjina, ya yi wa makaɗi kyauta. A wurinmu in aka kaɗa take har sau uku ba wanda ya miƙe, sai makaɗi ya sassauta tsarkiya ya ce gida ya mutu, ba ya sake kaɗa shi har abada. Makaɗinmu Tanko ya rasu, 'ya'yansa sun kama kabu-kabu. Ɗana Laminu yana tuƙin babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas, in ka ce masa take sai ya ce wane take. Saboda haka taken Gatari ba shi da sauran masauki a duniya sai maƙogwarona. Nakan yi shi ƙasa-ƙasa ta hanci ina sara ƙashi, in miƙe wa kaina, tun da dai a tsaye nake.

Wata Alhamis ina cikin haka sai na ji an ce, "Baba, sannu da aiki." Hausa tsaf, irin ta Zazzau. Na ɗaga kai na ga mace siririya, ta kai arba'in, ta rataya jaka a gwiwar hannu kamar yatsunta sun fi ƙarfin ɗaukar kaya. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo har layi ya fara tsaki. Ta ce sunanta Rahila, 'yar wani ƙauye kusa da Zariya, Kirista ce, ubanta shi yake kaɗa wa majami'arsu molon Turawa mai maɓallai, a wurinsa ta fara. Ta zo Paris ta yi karatun kiɗan piyano shekara da shekaru, yanzu tana zaune a Bron wajen Lyon. Tana koyarwa, tana kiɗa a zaure, tana kuma tsara nata kiɗan. Duk Alhamis takan hau jirgi ta zo Paris koyarwa.

Na tambaye ta waye ubangidanta, wa take yi wa kiɗan. Ta ce kowa da kowa, duk wanda ya sayi tikiti. A nan na fara shan jinin jikina. Makaɗin da ba shi da ubangida, ba 'yan amshi, ba maroƙi, ba ko ganga a kafaɗa, ni ban taɓa gani ba. Na ce a raina wannan ko 'yar masu binciken takardu ce, ko 'yar masu duba tsabtar shago.

Ta tambayi abin da nake yi da hanci. Tsautsayi ya sa na ba ta labarin Gatari, don rabona da wanda zai tambaye ni ubana an daɗe. Ta ce in ƙara yi mata sau ɗaya. Na yi. Sai ta buɗe jaka ta zaro takarda mai layuka biyar-biyar, da alƙalami.

Na rufe baki gam. Amma aikin gama ya gama. Ta zana wasu baƙaƙen kawuna kamar ƙudaje sun sauka a igiyar shanya, ta dubi takardar, ta mayar mini da taken ubana da nata hancin, har da ɗan lanƙwasan da Tanko yake yi in ya matse kalangu a hammata. Na ajiye gatari. Na ce, "'Yar nan, wa ya ba ki?" Ta yi dariya ta ce, "Kai ka ba ni yanzu, Baba." Na auna mata namanta ban ƙara ko kitse ba.

Ta ci gaba da zuwa duk Alhamis. Ran nan ta kawo mini daddawar da uwarta ta aiko. Da sanyi ya kama mini ƙirji ta kawo mini mayafin wuya. Na karɓa na yi godiya, amma na rubuta a zuciyata cewa Habu ma da yabo ya fara. Ranar Alhamis ba na ko tari a gabanta. Sai daga baya na gane banza nake yi: bakina a rufe, amma gatarina yana kaɗa taken a kan gungume, ita kuma tana tsaye a layi ta karkata kai tana saurare.

Shekara ta kusa zagayowa biyu sai ga ambulan ta gidan waya. A ciki akwai kati da hotonta zaune gaban piyano, wannan baƙin akwati mai haƙora, da jerin sunayen Turawan da suka mutu tuntuni waɗanda za ta kaɗa kiɗansu, nata kuma a ƙarshe. Da tikitin jirgin ƙasa zuwa Lyon, tafiya da dawowa. A bayan katin ta rubuta da Hausa: Baba, taken Gatari yana ciki, ka zo ka ji. Na ce lallai, ɓarawon zamani har gayyatar mai kaya yake yi ya zo ya ga inda aka jibge su. Na ɗauki hutun kwana uku, na ninke babbar rigata, na tafi. Ba baƙon biki na tafi ba, mai ƙara na tafi.

Jirgin nan yana gudu kamar ya yi sata. Aka zaunar da ni kusa da wata tsohuwar Baturiya, ta fito da tuffa ta miƙo mini. Na ce na ƙoshi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta zaro 'yar wuƙa ta raba biyu, ta fara cin rabinta a gabana kafin ta sake miƙo nawa. Na ce wannan ta san mutane, na karɓa. Wuƙar tata dai dakusasshiya ce, na wasa mata a gindin kofin shayi kafin mu isa, don kada a ce ɗan rundawa ya ci kyauta ya tashi.

Na sauka a Rillieux, a gefen Lyon, wurin Alhaji Sani, mutumin Maraɗi mai sayar da atamfa da turare. Da na ba shi labari sai ya ce in nemi lauya, ƙasar nan ko tari ka yi wani ya kwaikwaya ana iya kai shi gaban alƙali. Na ce Alhaji, ba rabo na zo nema ba. Ya ce to me na zo nema. Na ce a miƙo mini buta.

Ranar Asabar da hantsi na hau jirgin cikin gari zuwa Bron. Na iske ta a wani ƙaramin ɗaki tana koya wa wani ƙaton mutum mai furfura. Maɓalli huɗu kacal ta sa shi ya maimaita har na daina ƙirgawa, shi yana zufa ita tana ce masa ya saki kafaɗa. Na tuna Tanko da 'ya'yansa, shi dai da sandar kaɗa kalangu yake gyara musu kafaɗa. Na lura yatsunta biyu a naɗe suke da filasta. Na ce a raina ko ma dai ɓarauniya ce, ba malalaciya ba ce.

Da mutumin ya fita muka gaisa, ta zaunar da ni ta ce bari in ji abin kafin kowa. Ya fara a hankali, sama-sama, kamar yayyafi a kan kwano. Ya yi ta yawo, na ce wannan ai ba namu ba ne, na huta. Ban ankara ba hannunta na hagu ya gangara can inda akwatin yake da babbar murya, sai na ji kalangu. Wallahi kalangu. Gatari na Indo. Kafin in yi shawara da gwiwoyina sun riga sun miƙar da ni.

Ta tsaya ta ce lafiya. Na tambaye ta sau nawa taken yake fitowa. Ta ce sau uku. Na ce mutanen da za su zo gobe fa, me suke yi in ana kiɗa. Ta ce zama suke yi tsit, ba magana, ba tafi sai an gama, ko tari mutum sai ya haɗiye. Na ce to ni zan miƙe. Ta ce Baba ba a yi, ana ɗaukar sauti, kuma mai zauren daga gobe zai yanke ko zai sake kiranta. Bayan nan ma za ta kai kiɗan wasu garuruwa inda ba ni.

Sai na zauna na warware mata dokar: sau uku, ba wanda ya miƙe, gida ya mutu. Na ce, "Ke nan za ki tara Turawa ɗari-ɗari, gari bayan gari, ki yi musu shelar gidan ubana ya mutu, su tafa miki."

Ta ce ba ta sani ba. Na ce ai ba ta tambaya ba. Ta ce shekara biyu ta yi tana gina kiɗan nan a kan taken, kamar ɗaki a kan ginshiƙi, in ta zare shi rufin zai rufta. Na ce, "Ɗakinki ko gidan ubana?"

Ta murza yatsun nan masu filasta. Can ta ce, "Na ɗauka ban roƙa ba, laifina ne. Na cire, Baba." Na miƙe zan fita, sai ta ce a bayana, "Amma in ka tafi, wa zai riƙe shi?" Na ce wannan ba ruwanta. Maganar dai ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi, har Rillieux ban haɗiye ta ba.

Saurin yardar tata kuma ya ƙara mini zargi. Wanda ya ba ka haƙuri da wuri, duba bayansa. Saboda haka Lahadi bayan azahar na zuba babbar riga na tafi zauren, don in kama ta dumu-dumu in ta karya alkawari. Ta ajiye mini kujera a layi na uku. Ban taɓa ganin taron kiɗa irin wannan ba. Mutane cike, kowa ya haɗe rai kamar zaman makoki. Ta fito cikin baƙar riga, ta rusuna, ta zauna. Ta yi kiɗa har gumi ya tsattsafo mata, ta tsaya, ba wanda ya motsa. Na ce wayyo, ba su so ba. Na ji tausayinta, sannan na tuna ni mai ƙara ne na janye tausayin. Ashe tsakiyar kiɗan ne, tafin yana gaba. Na ɓantari goro, mutumin da ke kusa da ni ya harare ni kamar na fasa masa ƙwai a aljihu, na ajiye goron a kunci ban tauna ba.

Da ta gama da matattun Turawa sai aka zo kan nata. Yayyafin nan ya fara. Na kafa ido a hannun hagu. Aka iso wurin. Sai ta ɗauke hannun ta ɗora a cinya, na dama ya ci gaba shi kaɗai, siriri, yana ɗingishi a kan rami. Na ce madalla, 'yar halak ce, ta cika alkawari. Na gyara zama irin na wanda ya ci shari'a.

Karo na biyu ya zo, ta sake ɗauke hannun. A nan ne abin ya juye mini. Na san daidai inda kowane bugu ya kamata ya faɗi, kunnena yana jira, ba abin da ya zo. Duk rayuwata ina tsoron ranar da za a kaɗa ba mai tashi. Ban taɓa tunanin ɗaya ranar ba, wadda ba mai kaɗawa ma sam. Ga ta nan an nuna mini ita da raina, kuma ni na yi odarta da bakina.

Karo na uku yana matsowa na ji kujerata ta yi ƙara a bayana. Ashe na miƙe. Mai harara ya ja mini riga, wata a baya ta yi tsaki irin nasu na Turawa, wani mai baƙar kwat ya taho daga bakin ƙofa yana sanɗa. Ni dai ina tsaye, tsoho cikin babbar riga a tsakiyar mutane zaune, na dunƙule hannu na ɗaga. Rahila ta gan ni ta wutsiyar ido. Hannun daman ya riƙe sauti ɗaya yana maimaitawa, yana jira. Ta juyo ta dube ni sosai. Na gyaɗa kai.

Hannun hagu ya sauka.

A gida kalangu ke kira mutum ya miƙe. Ni kaɗai na sani a rundawa wanda ya fara miƙewa sannan kiɗan ya zo ya same shi. Na ce, ba da ƙarfi sosai ba amma an ji, "Ga ni, Ilu na Gatari. Gida na nan." Da ta gama zauren ya ɓarke da tafi. Na taka har gabanta, na tuɓe babbar rigata na yafa mata a kafaɗa, yadda ake yi wa makaɗi. Na tsaya gaban jama'a daga ni sai 'yar ciki da rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu, da mayafin wuyan da ita ta ba ni. Turawa suka ɗauka duk cikin wasan ne, har mai hararar nan ya zo ya girgiza mini hannu.

Mai zauren dai bai ɗauka haka ba. Sautin da aka ɗauka ya lalace da ƙarar kujera da muryar mahauci, kuma har yau bai sake kiranta ba. Ta ce ba komai. Ban yarda ba, da komai. Tun daga nan namanta na Alhamis ni nake zaɓa mata, daga inda mai gidana yake ɓoye wa kansa.

Sauran garuruwan kuwa sai da muka zauna shari'a a kansu, ni alƙali ni mai ƙara. Na yanke hukunci cewa duk wanda ya taɓa cin naman hannuna ɗan gida ne, yana iya miƙewa. Kafin kowace tafiya nakan naɗe mata kilishi ta ba wani a can. Da aka buga kiɗan a takarda ta kawo mini, ta nuna mini wani layi da Faransanci a saman ƙudajen nan. Ta ce an rubuta: taken Gatari, mahaucin Damagaram, hannun hagu ba ya sauka sai wani ya miƙe. Na kai wa mutum uku daban-daban suka karanta mini, a unguwa uku, don kada su haɗa baki. Duk abu ɗaya suka faɗa.

Lalataccen sautin nan ta sa mini a waya, na tura wa Laminu ban ce masa komai ba. Bayan kwana biyu ya kira. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta. Ya ce ya ji abin yana kan hanyar Agadas, ya tuna yana ƙarami an taɓa ɗora shi a wuya a bakin mahauta ana wannan kiɗan, ya faka motar a gefen hanya ya sauko. Na ce yanzu me yake yi. Ya ce, "A tsaye nake, Baba."

To ni ba na yarda da abin da ban gani ba, balle ta waya. Na ce, "Buga ƙafa in ji."

Ya buga.